Wadda Ta Riƙe Min Ƙafa

Kafin komai, bari in gode wa waɗanda suka yi ta turo saƙo suna tambayar ƙafata. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Baiwar Allah da ta rubuto cewa mace mai hankali ba ta tsere a gaban jama'a, ke ma na ga naki, na gode, Allah ya bar zumunci.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni 'yar tsere ce, mita ɗari huɗu nake gudu, shekarata ashirin da uku. Wata uku da suka wuce naman bayan cinyata ta hagu ya yage a kwanar ƙarshe, ina kan gaba. Ji na yi kamar an jefe ni da dutse ta baya. Na zube a layi na huɗu ina ihu, ba kunya ba komai. Wanda zan aura, in Allah ya yarda, yana zaune a benci na biyu da gorar ruwana a hannunsa. Lissafi yake koyarwa a sakandare, shi ya sa duk gidanmu Ticha muke ce masa. An ce shi ya riga masu ɗaukar marasa lafiya tsallake shinge.

Sati biyu da faruwar haka, ina kwance a falo da ƙanƙara a cinya, saƙonsa ya shigo. Har yanzu ban goge ba:

"Mun yi magana da Mama. Ta ce kafin a tsayar da ranar aure, zancen gudu ya ƙare. Ki yi haƙuri, kin san halin manya."

Na karanta wa Umma, ina tsammanin za ta shigar min. Sai ta ajiye rigar da take ninkewa ta ce, "Allah ya yi mata albarka. Abin da na kasa faɗa miki ke nan tun kina aji uku."

Na juya na fuskanci bango na yi kukana. Ina son Ticha, wannan ba na ɓoyewa. Amma shekara tara ina tashi kafin rana ta fito, kuma saura wata uku a yi gwajin da ake zaɓen waɗanda za su wakilci ƙungiyarmu. Da na share hawaye na rubuta masa: "A ba ni dama ɗaya. In likita ta sa min hannu, zan shiga gwajin. In ta ƙi, da kaina zan ajiye takalman." Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Ƙarshe kalma ɗaya ta shigo: "To."

Likitar tawa ta motsa gaɓoɓi ce, asibitinta ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani. Gajera ce, kullum da biro a soke a ɗankwali, kuma ba ta iya lallashi ba. Ranar da ciwon ya lafa na koma wurinta, na yi mata burgar cewa kullum ina ɗora ƙafa a kan taga ina miƙe ta har sai na ji zafi.

"Wa ya sa ki?"

"Na ga kamar in ya miƙe zai fi saurin warkewa."

"Abin da ya yage kike ja? Ki daina daga yau." Ta zaro biron ta nuna bayan cinyarta. "Saurara. In kina gudu kika wurga ƙafa gaba, naman nan shi ne birki. Yana miƙewa yana riƙewa a lokaci guda, kuma a daidai nan yake yagewa. Ke ƙarfinki duk na tanƙwashewa ne. Yanzu za mu koya masa ƙarfi yana miƙe."

Ta sa na durƙusa a kan katifar roba, mataimakiyarta ta danne min idon sawu da hannu biyu. Ta ce jikina ya zama sanda ɗaya daga gwiwa har kai, kada in karya ƙugu, in riƙa yin gaba a hankali ina hana kaina faɗuwa. In ƙarfi ya ƙare, in tare ƙasa da tafin hannu, in tura in dawo.

Masu karatu, ko taku ɗaya ban yi ba na kife.

"Yawwa," in ji ta. "Kowa faɗuwa yake yi. Abin da nake so shi ne ki jinkirta ta. Tasowar ba ta dame ni ba, saukar ce maganin."

Ta liƙa filasta a bango, can ƙasa, ta ce nan da sati shida kafaɗata ta kai wannan layin kafin in saki, sau biyar a jere. In na yi, kuma na'urarta ta nuna ƙafafun sun kusa yin daidai, za ta sa hannu. Sau uku a sati, ba ƙari. Ta haɗa min da wasu: in kwanta rigingine, dugaduge a kan tawul, in ɗaga ƙugu in zame ƙafafu a hankali a kan tayil, da sunkuyawa a kan ƙafa ɗaya da jarkar ruwa a hannu. Ina bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Ki nemi mai riƙe miki ƙafa. Mai nauyi, marar tausayi."

Na yi dariya, don ban san nan ne matsalar take ba.

Abba direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku ba mu gan shi ba. Ticha kuwa ba a maganarsa, ba aure tsakaninmu ba zai zo ya riƙe min ƙafa a falon ubana ba. Saura Umma. Umma siririya ce, iska mai ƙarfi ma sai ta nemi abin dafawa, ga tausayi kamar ta yi me. Ranar farko na yi mata bayani dalla-dalla, ta ce ta gane. Na fara yin gaba, cinyata ta soma rawa, sai kawai ta saki ƙafafuna ta kai hannu ta cafki bayan rigata wai ta tare ni. Ƙafafuna suka yi sama, haɓata ta daki ƙasa, leɓena ya fashe.

"Umma, ce miki na yi kada ki saki."

"To ina ganinki za ki faɗi in zuba miki ido? Ni na haife ki fa."

Kwana biyu bayan nan ta tara min filo uku a gaba, ina yin na biyu ta ce ya isa haka. Da na ga ba ci gaba, na koma cusa ƙafafuna a ƙarƙashin doguwar kujerar falo. Kujerar ta ɗaga, ta kifar da kofin shayi. Dabarar ƙarshe ita ce Umma ta zauna a kan kujerar ta rufe ido, ni kuma in yi abina. Katakon yana gurje min agara, amma haka na daure har sati guda, ba tare da na matsa ko kaɗan ba.

A haka Maman Ticha ta same mu.

Asabar ce, wajen ƙarfe tara na safe. Ina kife a ƙasa, sanye da wandon motsa jiki da tsohuwar rigar Abba mai tambarin man mota, kaina ko ɗankwali babu, Umma na kan kujera ido a rufe tana salati. Sai sallama. Na ɗago na ga takalmi baƙi mai faɗi, na ga zane ruwan ƙasa, na ga leda cike da ayaba da lemo. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sau biyu kacal na taɓa ganinta kafin ranar, duka biyun kaina a sunkuye. Babbar mace ce, doguwa, mai jiki, shekara talatin da biyu ta yi tana aikin nas a ɗakin haihuwa kafin ta yi ritaya. Na sha jinin jikina cewa ta zo ne ta faɗa min sharaɗinta baki da baki.

Suka gaisa da Umma. Na ja jiki na durƙusa na gaishe ta, ina laluben mayafi.

"Bar mayafin, 'yata. Ya ƙafar? Me ake yi haka da kujera?"

Na yi mata bayani, na birki da na saukar da na filastar bango. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta dubi agarata da ta yi ja, ta dubi kujerar, ta girgiza kai. Sai na ga ta zare awarwaronta ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a kan tebur, ta cire zobe, ta ɗaure mayafinta a ƙugu.

"Ina ake riƙewa?"

"Mama, ai ba sai kin..."

"Tambayarki na yi."

Na nuna mata. Ta durƙusa a bayana, ta ɗora tafukanta a kan idon sawuna, ta saki nauyinta. Ji na yi kamar an kafe ni da ƙusa. Karo na farko tun da na fara, hankalina bai rabu biyu ba, ban damu da ko za a sake ni ba. Na yi gaba.

"Ɗaya. Biyu. Ƙugu, kin karya ƙugu, mayar da shi. Uku."

Umma ta miƙe tsaye. "Za ta faɗi fa."

"Ai faɗuwar ce aikin, ba ki ji bayaninta ba? Zauna, 'yar'uwa. Huɗu."

Na kife a kan hannuwana. Ba ta saki ba. Na tura na dawo, ta ce saura huɗu. Muka yi biyar, na huta, muka ƙara biyar. Da muka gama ta dafa tebur ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta mayar da awarwaronta, ta tambayi ranakun. Na ce Asabar, Litinin, Laraba. Ta ce ƙarfe bakwai ya yi mata. Ta sha ruwa rabin kofi ta tafi, ba ta ce uffan a kan gudu ko aure ba.

Da yamma na rubuta wa Ticha cewa Mama ta zo. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira.

"Ta zo gidanku? Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ƙafa ta riƙe min."

"To, don Allah kada ki tayar mata da zancen nan. Ba ta son a riƙa maimaita mata magana."

Na ce ba zan tayar ba. Dama da wane bakin? Ni da ko ido ba na iya haɗawa da ita.

Sati biyar baiwar Allah nan tana hawa tasi daga wancan gefen gari. Bakwai saura biyar za mu ji sallamarta. Ta zo da wani ƙaramin filo mai fure da take sa wa gwiwarta, har ya samu mazauni a bayan kujerarmu. Kwana biyu bayan kowane zama cinyoyina sai su yi tsami, in zan zauna sai na dafa bango, matakala uku na ƙofar gida sai na yi musu shawara. Umma ta ce an ƙara min ciwo ne. Mama ta karɓi lambar likita ta kira ta da kanta, suka yi minti goma suna magana irin tasu ta ma'aikatan asibiti, ta kashe ta ce tsamin na aiki ne, in dai ba suka ba ce wuri ɗaya a ci gaba.

Ni kuma da na ga lokaci na tafiya, zalama ta kama ni. Na ce mata ko za mu mayar da shi kullum.

"Uku aka ce."

"Mama, saura sati uku."

"Ko saura kwana uku ne. Naman ma yana son hutu, a hutun yake ginuwa. Ke dai ba ki da haƙuri, shi ya sa gajeren gudu kika zaɓa."

Umma ta tuntsire da dariya daga kicin. A lokacin sun zama ƙawaye, in mun gama sai su zauna shan shayi suna yi da ni a gabana.

Ranar da ba zan manta ba ita ce Larabar sati na huɗu. Umma ta liƙa min filasta a bangon falo daidai tsayin ta asibiti, ni kuma na maƙale, saura kamar tafin hannu in kai, kwana takwas ban matsa ba. A na uku na faɗi na ƙi tashi. Na kifa fuska a ƙasa na fashe da kuka, na ce na gaji, na ce dama kowa so yake in daina, to na daina.

Hannuwanta ba su motsa daga ƙafafuna ba.

"Yi kukanki, ina jira," in ji ta. Can ta ce, "Na karɓi haihuwa ta fi dubu. Duk wadda ta ce min ta gaji ba za ta iya ba, na san an kusa. Waɗanda ba su fara ba ba sa cewa haka. In kin gama, saura biyu."

Na yi biyun, da majina da komai. Ban kai layin ba a ranar. Litinin da ta biyo baya na kai.

Abin da ya ba ni mamaki, ni da aka hana ni miƙe ƙafa a taga, wata safiya na sunkuya ɗaure takalmi sai na ga tafukana a shimfiɗe a ƙasa, gwiwa a miƙe. Ko kafin ciwon ban taɓa yin haka ba. Likita ta ce naman ya ƙara tsawo ne saboda yana aiki a miƙe. A lokacin ta bar ni na koma fili, ina gudu da rabin ƙarfi, sannan kashi uku cikin huɗu.

Ticha kuwa kullum da safe saƙo ɗaya: "Ya ƙafa?" Sai kuma na biyu: "Mama ta ce wani abu?" Ni har tausayinsa nake ji, ina cewa bawan Allah yana tsakanin uwa da mata.

Jiya Juma'a ce ranar gwajin likita. Na sa baƙar doguwar riga a kan kayan motsa jiki, na fito zan tari tasi, sai na tarar da ɗaya a ƙofar gida, Mama a baya da jakarta a cinya da filonta mai fure. Ta hau matakalar asibitin tana hutawa a kowace biyar. Da mataimakiyar likita ta matso za ta riƙe ni, Mama ta riga ta zare awarwaro.

"Bari, 'yan mata. Ni na san nauyinta."

Likita ta dube ni, na gyaɗa kai.

Na ɗaya na kai layin. Na biyu na kai. A na huɗu cinyar hagu ta soma rawa tun daga rabi, na ji muryarta a bayana ƙasa-ƙasa tana ƙirga, ba sauri ba tsoro, yadda ta saba. Na biyar ban ma ga filastar ba, ido na rufe. Da na buɗe, likita ta riga ta zaro biro daga ɗankwali. Ta ɗora ni a na'ura ta gwada ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ta sa na yi tsalle, ta danna wurin tsohon ciwon da babban yatsa. Sannan ta sa hannu, ta ce kada in kuskura in daina atisayen don an sallame ni, ko sau ɗaya a sati ne.

Muka fito muka zauna a bencin baranda don Mama ta huta kafin matakala. Takardar tana hannuna, ina ta kallon sa hannun. Na ga gwiwar zanenta ta yi ƙura, na ga yadda take murza yatsunta. Kunyar da ta ɗaure min baki sati biyar ta sake ni. Na sauka daga bencin na durƙusa a gabanta.

"Mama, ban san da wane baki zan gode miki ba. Abin da kika yi min, uwa ce kaɗai take yi. Kuma kin yi shi duk da ba kya son gudun nan. Allah ya saka miki da aljanna."

"Amin. Tashi, mutane na wucewa." Sai ta tsaya. "Me kika ce? Ba na son me?"

"Gudun, Mama. Sharaɗin da kika sa."

"Wane sharaɗi?"

Na lalubo wayata, na gangara har saƙon nan na wata biyu da rabi, na miƙa mata. Ta ciro tabarau daga jaka ta karanta. Ta sake karantawa. Ta cire tabarau ɗin ta riƙe a hannu.

"Ni ban taɓa faɗar wannan ba, 'yata. Da ba na so, me zai sa in riƙa tasowa da asuba da gwiwoyin nan? Ranar da kika faɗi ɗan nawa ya dawo gida ya kasa cin abinci, ya ce min ba zai iya sake ganinki a haka ba. Na ce masa ya je ya faɗa miki da bakinsa. Ashe bakina ya ara."

Na rasa abin da zan ji. Tausayinsa ya zo, haushi ya ture shi. Wata biyu da rabi ina tsoron matar da ta fi kowa tsaya min, shi kuwa ya san gaskiya yana tambayata ya ƙafa.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Saƙonsa ne: "Ya ake ciki? Ta sa hannu?"

Mama ta danna kira, ta buɗe lasifika, ta ɗora min wayar a tafin hannu. Ta yi ƙara sau biyu ya ɗauka, ina jin hayaniyar ɗalibai a bayansa.

"Ya aka yi? Kin ci?"

"Na ci," na ce. "Ticha, ga Mama a gefena, tana jin ka. Maimaita min abin da ka ce ta ce."